Makullin Tafki na Uku

Jiya da na sunkuya ina tsoma takardar gwaji a tafki na uku, na ji ɗayanku, dogon nan mai tabarau, yana gaya wa abokinsa wai in dai wannan ne aikin Baba Sabo, to ko kakarsa ma za ta iya. Kunnena bai mutu ba tukuna, gwiwa ce kawai ta fara ba ni wahala. Na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba. Amma tunda daga jami'a aka turo ku, kuka bar ɗakunanku a Yelwa kuka zo koyon aiki, ku ja benci ku zauna, yau sai kun ji abin da ake yi a bayan kamfanin nan.

Kowa ya shigo nan idonsa na kan babban ɗaki, inda ake tsoma falankin ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya ya fito kwanon rufi fari tas yana ƙyalli. Can ne wuta, can ne ƙara, can ake ɗaukar hoto. Amma kafin ƙarfen ya ga tutiya sai an wanke masa tsatsa da asid, sannan a ɗauraye. Ruwan ɗaurayar nan shi ne nawa. Yana biyo kwata ya zo min ja-ja-ja, in ya taɓa maka wando sai ka ga huji washegari. A tafki na farko nake zuba masa farar ƙasa, inji yana motsawa, har zafin asid ɗin ya mutu. A na biyu yake kwanciya, jar laka ta sauka ƙasa. Na uku wurin jira ne. A bakinsa akwai ƙofar ƙarfe mai sitiyari da ƙaton kwaɗo, in aka buɗe ta ruwa ya fita daga hannun kamfani, ya bi rafi ya gangara ƙauyen Miri.

Kayan aikina ba su da yawa, kuma ba mai tsada a ciki. Ga gora doguwa da gwangwani a bakinta, da ita nake ɗebo ruwan tsakiya, don ruwan gefe maƙaryaci ne, kullum ya fi na tsakiya kyau. Ga takardar gwaji: ja in asid na nan da ransa, ruwan goro in ya fara sanyi, kore in ya mutu. Ga kwalba fara da nake cikawa in ajiye a rana in ga ko laka za ta sake sauka. Sai takalmin roba, safar hannu, da littafin da ake sa hannu kafin a buɗe ƙofa. Makullin kuwa yana ɗaure a igiyar wandona, ko masallaci na shiga da shi nake shiga.

Ni ba da boko na zo nan ba. Ɗan Ƙofar Dumi ne, dakon kwano nake yi a wurin lodi, na yi shekaru ina yi har na yi iyali. Da ƙafaɗa ta fara gajiya aka ce ana neman mutum a tafki, kowa ya ƙi, ni na karɓa. Tun ranar abokan dakona suka naɗa ni Sarkin Kwata, har yau in na shiga kanti shan shayi sai wani ya toshe hanci don tsiya.

Wanda ya koya min aikin shi ne Oga Sunday, mutumin kudu, gajere mai furfura a gira. Ya daɗe a Bauchi har Hausarsa ta nuna, sai dai mace da namiji duk “ka” yake ce musu. Ranar farko ya ba ni buhun farar ƙasa ya ce in zuba. Na farke baki na juye gaba ɗaya kamar mai zuba gero a rumbu. Ƙura ta tashi ta cika min ido da hanci, buhun ya nutse ya dunƙule a ƙasa bai yi aikin komai ba. Ya bar ni na gama tari sannan ya ce, “Sabo, tuwo ka taɓa gani ana tuƙawa? Ana juye gari duka?” Daga ranar na koyi dama ta a durom tukuna, in zuba kaɗan-kaɗan ta wajen da iska ke bayana. Ya koya min jin ƙarar injin motsawa in laka ta kama shi, da sanin ruwa da wari tun kafin in tsoma takarda. Abu ɗaya ne bai gaya min da baki ba, shi kuma na koye shi da hannuna, a gonar wani.

A shekarata ta biyu mahaifiyar Oga Sunday ta rasu, ya tafi gida jana'iza, kun san tasu takan ɗauki makonni. Ƙarshen damina ne. Wata rana bayan azahar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ruwan tafki na uku kuma bai gama sanyi ba, takarda na nuna ruwan goro. Tsofaffin ma'aikata suka ce min, ai haka ake yi tun fil azal: in ruwan sama ya sauko sai a buɗe, ambaliya ta kwashe, an huta da ɓarnar farar ƙasa. A lokacin ba kwaɗo, ba littafi. Na kama sitiyari na murɗa. Ruwan saman kuwa irin na ƙarshen damina ne, tsawa ta fi ruwan yawa, kafin a yi la'asar ya ɗauke.

Da Oga Sunday ya dawo, ya dubi inda ruwa ya tsaya a tafki, ya leƙa sito ya ga buhunan da suka rage, sai ya ce min, “Sa takalminka.” Muka bi rafin da ƙafa har Miri. A can na ga abin da mu mutanen cikin katanga ba mu sani ba. Manoman wurin, da zarar damina ta fara ja da baya, sukan cika buhuna da yashi su tare rafin, su ajiye ruwan da za su yi noman rani da shi. Ba rana sananniya gare su, sararin sama suke kallo. A makon da na buɗe ƙofa suka ɗaure tasu madatsar. Ruwana bai je ko'ina ba, a gindin buhunansu ya tsaya, da jan kumfa a kansa, ƙananan kifi sun juya ciki sama.

Gonar farko da ke shan ruwan ta wani dattijo ce, Baba Hamza. Fegi biyu gare shi, na sama da na ƙasa, ya riga ya ba fegin saman ruwan nan kwana uku kafin ya gane. Irin albasarsa duk ya ƙone ya kwanta. Ya dubi rigunan kamfani da ke jikinmu ya ce, “Ku ne masu kwanon?” Oga Sunday ya ce mu ne. Na ce, “Baba, ni na buɗe.” Bai zage ni ba, da ya zage ni ma da na fi jin sauƙi. Ya ɗebo ƙasa a tafin hannu ya shinshina ya zubar, ya ce, “Albasa ba komai, a sake shukawa. Ƙasar fa, ɗan nan?” Gaskiyarsa. Kamfani ya ba shi abin da ya ba shi, masu duba muhalli na gwamnati suka zo suka ce a sa kwaɗo a kawo littafi, amma fegin saman nan shekara uku ko ciyawa ba ta fito da kirki a kansa ba. Ƙarshe ya haƙura da shi. Ya rage masa na ƙasa kaɗai, da shi yake ci da gidansa.

Don haka in an tambaye ku su wa Baba Sabo yake yi wa aiki, ba masu sayen kwano ba ne, ban ma san fuskokinsu ba. Masu karɓar kayana suna Miri: masu lambu, mata masu wanki, Fulanin da ke kawo shanu da hantsi. Su ba sa zaɓa, ba sa tayawa, abin da na sako shi za su karɓa. Tun daga wannan shekarar duk Juma'a bayan an sauko masallaci nake bin rafin nan da ƙafa har Miri, in ga abin da suke ciki.

Muguwar shekarar ta zo ne bayan Oga Sunday ya yi ritaya, makulli ya dawo igiyar wandona. Farar ƙasarmu daga nesa ake kawo ta a tirela. A shekarar ruwa ya ci hanya, motoci suka maƙale, ga kaka ta ƙarato. Kun san da kaka ake rufin gida, manomi ya sayar da amfani sai ya tuna ɗakinsa na yoyo, 'yan kasuwa kuma sun yi layi a ƙofa. Aka mai da aiki safe da yamma, ruwan ɗauraya ya ninka. Sau uku ina kai takarda ofis cewa sito ya kusa ƙarewa, sau uku ana ce min mota na hanya. Ranar wata Lahadi na kakkaɓe buhu na ƙarshe. Zuwa Litinin da hantsi tafkunan uku duk sun cika, saura taki ɗaya su tumbatsa, takarda kuwa ja take fitowa ko a na ukun. Kuma Juma'ar da ta gabaci ranar na gani da idona: an ɗaure madatsa, Baba Hamza yana dashen albasa a fegin ƙasa.

Manajan aiki a lokacin Injiniya Bala ne. Kada ku ɗauka mugu ne, shi ya kai matata asibiti a motarsa wata shekara. Amma daga sama ana matsa shi, shi kuma sai ya matsa ƙasa. Ya zo bakin tafki da kansa, ya ɗaga kai ya dubi gabas inda hadari ke haɗuwa.

Ya ce, “Malam Sabo, Allah ya kawo mana sauƙi. In ruwan nan ya sauko ka buɗe na awa ɗaya kawai, mu sami wuri.”

Na ce, “Yallaɓai, an tare rafi a Miri.”

“Ruwan sama zai tsinka shi.”

“Ba zai tsinka ba, na taɓa gwadawa.”

Ya ce, “To me kake so? In tsai da aiki? Mutum nawa ke cin abinci a ɗakin can, ka ƙirga? Saboda kwamin albasa?”

Na san abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne, kuma na san ina da yara a makaranta. Duk da haka na kwance makullin daga igiya, na buɗe littafi a shafin ranar, na zaro biro, na jera masa su uku a kan durom. Na ce, “Yallaɓai, kai ne babba. Ga makulli, ga biro. Ka rubuta launin da takarda ta nuna, ka sa sunanka, ka buɗe. Ni dai hannuna ba zai hau shafin nan ba.”

Ya dubi biron. Wannan ku riƙe shi, don za ku gamu da shi a duk inda kuka yi aiki: mai ba da umarni da baki yana da yawa, mai sa sunansa a ƙasa ne ke wuya. Injiniya bai taɓa ko ɗaya cikin ukun ba. Ya ce, “Ka san abin da ka jawo wa kanka?” Na ce na sani. Ya juya ya tafi, kafin azahar na ji ƙarar babban ɗaki ta mutu.

Wanda ya fi Injiniya wuya shi ne Iliya. Shi ne babba a cikin leburorin da ake biya kullum-kullum, ranar da ba aiki ba ko sisi. Ƙato ne, tare muka yi dako da shi. Ya zo da mutanensa a baya, ya tsaya a kaina ya ce, “Sabo, kai albashinka na wata ne. Yarana takardar nan taka za su ci?” Na ce ya ba ni zuwa la'asar, na hau mashin na nufi cikin gari.

Na sami Oga Sunday a shagon matarsa yana auna wa wata mata garin rogo. Na zayyana masa komai. Ya goge hannu ya ce, “Ka san masu gyaran jikin mota? Wannan dutse da suke jiƙawa ya ba su gas na walda?” Na ce kabayid. Ya ce, “In ya gama aiki, farin kashin da suke zubarwa a bayan gareji, farar ƙasa ce, Sabo. Mai wari ce kawai. Amma ka gwada a bokiti kafin ka yi min hauka.” Na biya garejin wani abokina a kusa da Ƙofar Dumi na ciko leda. A bakin tafki, Iliya da mutanensa na tsaye, na dama shi a bokitin jan ruwa. Na tsoma takarda, ruwan goro. Na ƙara, na jira, na sake tsomawa, ta fito kore.

Na ce wa Iliya, “Ni kaɗai sai in yi wata ina kwasa. Da ku, kwana kaɗan ne. Ranar da tafkin nan ya yi kore, ranar za ku koma aiki.” Ya yi tsaki ya ce, “Sarkin Kwata ya mai da mu fadawansa.” Amma ya tuɓe riga ya nemi shebur.

Kwana huɗu muka yi. Injiniya ya ba da motar ɗaukar kaya ɗaya ba tare da ya dube ni ba, sauran muka cika da keke mai ƙafa uku. Ba garejin da ba mu shiga ba a garin nan, daga bakin tasha har lungunan da mota ba ta shiga sai baro. Ranar farko masu gareji har godiya suke yi an kwashe musu shara. Rana ta biyu labari ya zaga, wani ya ce ai nasa na sayarwa ne, Iliya ya ce to ya dafa ya ci, muka wuce. Abin wari gare shi kamar ruɓaɓɓiyar tafarnuwa, yana cin tafin hannu, ga tsakuwa da guntayen ƙarfe sai mun tace da raga. Ba shi da ƙarfin ta buhu, inda zan zuba ɗaya sai na zuba uku. Injin motsawa na tafkin farko ne kaɗai, sauran biyun da gora muka dama su, mutum shida a jere. A rana ta biyun hadarin ya zubar da ɗan abin da ke cikinsa, ruwa ya hau har saura yatsa uku. Muka bar kwasa muka koma jera buhunan yashi a baki, Injiniya yana tsaye a barandar ofis da lema yana kallonmu.

Ranar Juma'a da safe na ɗebo daga tsakiya, daga gabas, daga yamma, daga can ƙasa kusa da laka. Duk kore. Na cika kwalba na ajiye a rana har aka sauko masallaci, ba abin da ya kwanta a gindinta. Na buɗe littafi ke nan masinja ya miƙo min ambulan daga ofis: an dakatar da ni mako biyu ba albashi, daga gobe, saboda na jawo tsaikon aiki. Ƙarin girman da ake cewa za a yi min a shekarar ma daga nan ban sake jin zancensa ba. Na ninke takardar na sa a aljihu, na rubuta kore, na sa sunana, na murɗa sitiyari. Iliya ya ruga babban ɗaki yana kiran mutanensa.

Ni kuma na bi ruwan. Yana tafe ina tafe a gefensa, ina tsoma takarda a duk kwana, har muka isa Miri tare. Na tsaya a kan madatsa ina kallo yana shiga yana gauraya da nasu. Baba Hamza yana can ƙasa, ya ƙara tsufa, ya buɗe bakin lambatu da fartanya yana kora wa albasarsa ruwa kwami bayan kwami. Bai san an yi wani abu a makon ba, ni ma ban gaya masa ba. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi ƙafarsa.

Ana haka aka kira la'asar daga cikin gari. Ya jingine fartanya, ya tsuguna a bakin lambatun ya nannaɗe hannun riga. Ya ɗago ya ce, “Malam Sabo, ka tsaya kamar baƙo. Matso mu yi alwala, lokaci na tafiya.”

Na dubi ruwan. Shekara da shekaru ina sako wa mutane ruwan nan, takarda ta ce min lafiya, kwalba ta ce min lafiya, amma ban taɓa kai shi bakina ba. Dattijon ya riga ya cika tafinsa. Na cire takalmin roba na tsuguna kusa da shi, na yi bisimilla, na wanke hannu. Sannan na ɗebo na kurkure bakina sau uku.